Yadda Aka Raɗa Mini Hana-Hanta

Kun girma kuna jin dangin kakarku Dada suna kirana Hana-Hanta, kuna dariya, kun ɗauka irin sunan tsokanar nan ne da kakanni ke raɗa wa jikoki. Ranar bikin Aishatu ma da kunnena na ji ɗayanku yana yi wa baƙi bayani, wai rowa ce ta jawo mini sunan, wai a ƙuruciyata ko hantar layya ba ta fita daga hannuna. Na haɗiye maganar saboda taro ne, amma raina ya ɓaci, kuma har yau bai gama hucewa ba. Tunda tsufa ya zo, masu ba da labarin a karkace kuma sun fi waɗanda suka san shi yawa, gara in zauna in faɗa muku da kaina. A kan ran kawunku Buba na samu sunan nan, ba a kan rowar nama ba.

Abin ya faru a shekarun farko bayan an mai da Jalingo babban birnin jiha. Gari ya cika da baƙin ma'aikata, kowa da harshensa, ana ta buɗe ofisoshi a gidajen haya, shaguna na tsirowa a bakin titi. Kowace ƙofa tana son allo mai ɗauke da sunanta, Buba kuwa aikinsa ke nan, rubuta alluna da fenti. Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai a lokacin. Ba don ƙanena ba ne, hannun yaron nan abin kallo ne. Ba ya jan layi da rula, ba ya fara zana harafi da fensir. Zai dubi allo, ya karkata kai, ya fara daga wannan gefe ya dire a wancan, harafin ƙarshe kuma ya faɗa daidai inda ya kamata. Yana zaune a gidanmu na Kachalla Sembe tare da Dada, mahaifiyarmu, da Goggo Dudu, ƙanwar marigayi babanmu, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta ta karɓe ragamar komai, tun daga tukunya har wanda za a gaisar da wanda za a share. Ni ina gidan babanku a Yelwa, ina koyarwa a firamare. Ni ce 'yar fari, saboda haka bisa kunya irin tamu ta Fulani Dada ba ta taɓa kama sunana ba. In ina kusa sunana “ke”, in ina nesa “waccan”. Tsakanina da Buba akwai Halima, wadda ciwon shawara ya kashe tana gab da zama budurwa.

Ciwon Buba a sace ya shigo. Wani mai kemis ne ya fara dawo da allonsa, ya ce haruffan kamar a bayan mota aka rubuta su tana tafiya. Muka yi dariya, Buba ma ya yi. Daga nan kofin shayi ya fara rawa a hannunsa, maganarsa ta yi nauyi, miyau ya riƙa zubo masa bai sani ba, wani irin murmushi kuma ya maƙale a fuskarsa ko da ransa a ɓace yake. Rannan yana saman tsani a Kona yana rubuta sunan wani shagon hatsi, ƙafa ta ƙi shi, ya faɗo. Mai shagon, dattijon kirki, shi ya goya shi a bayansa har bakin titi, ya sa shi a mota ya kawo mana shi gida. Kafin mako ya zagayo gari ya gama yanke hukunci: yaro ya fara shaye-shaye. Yaron da ko goro ba ya ci! Goggo ta ce ba shaye-shaye ba ne, iska ce, aka yi ta turare har bangon ɗakinsa ya yi baƙi. Na kai shi asibiti a gari, aka ba mu maganin zazzaɓi, muka koma aka ba mu na taifod, muka sake komawa aka ce ya rage tunani. Ina kallo yaro yana narkewa a gabanmu, kowa kuma yana da sunan da ya sa wa abin.

Babanku ne ya ce mu daina wasa da rai, ya nemi hutu a ofis, muka shirya tafiya wani babban asibiti a wata jiha, tafiyar yini guda. Na nace Dada ta bi mu don ta ji komai da kunnenta. Goggo ba wanda ya gayyace ta, amma muna fitowa muka tarar ta riga kowa shiga mota, ta kama gefen taga.

Likitan da muka samu mutumin kudu ne, a kasuwa ya koyi Hausarsa. A bakinsa Buba mace ne, Dada namiji. Ya sa Buba ya miƙa hannuwa, ya sa shi ya taɓa hanci da yatsa, ya latsa cikinsa, sannan ya tsaya yana duban idanunsa har na fara tsarguwa. Ya kai mu wani ɗaki mai duhu, ya sa Buba ya ɗora haɓa a kan wata na'ura mai fitila. Yana leƙawa sai ya miƙe ya kira abokan aikinsa, suka yi ta leƙe ɗaya bayan ɗaya kamar masu neman jinjirin wata. Daga baya ya juyo wajen Dada.

“Mama, zo ka gani. Akwai zobe a idonta. Zoben kopa. Sista, yaya ake ce kopa da Hausa?”

“Tagulla,” in ji nas ɗin.

“Yawwa. Zoben tagulla.”

Goggo ta tafa hannu har sai da Buba ya zabura.

“Ban faɗa ba? Ruwa ba ya tsami banza! An jefe shi. Ga shi na'urar Bature ma ta gani.”

Daga wannan kalma Dada da Goggo ba su ƙara jin komai ba. Likita ya yi ta bayani, su kuwa suna can suna lissafin wa ya jefa zoben. Ni ce na kasa kunne, na kuma sa ya maimaita da Turanci har abin ya zauna mini. Ya ce kowane ɗan Adam yana buƙatar tagulla 'yar kaɗan a jikinsa, a abinci yake samunta. Abin da ya yi rara, akwai wasu 'yan dako ƙanana da Allah Ya halitta a cikin hanta, waɗanda ido ba ya gani, aikinsu su kwashe rarar su zuba ta maɗaciya ta fita da bayan gida. Na Buba a gurgunce aka haife su. Tun yana jariri tagullar ke taruwa a hantarsa. Da hanta ta cika ta gaji, sai abin ya malala cikin jini, ya hau ƙwaƙwalwa, ya zauna a gefen ido. Tagullar da ke yawo babu mai riƙe da ita kuwa ɓarna take yi, tana cin ƙwaƙwalwa a hankali yadda tsatsa ke cin kwanon rufi, kuma inda ta fi ci shi ne wurin da ke juya hannu da harshe. Ya ce akwai ƙwayar da ke wanke ta daga jiki, amma sha ne na har abada, kuma kada mu tsorata in jiki ya fara tsananta kafin ya yi sauƙi. Sannan ya koma Hausarsa don tsofaffin su ji.

“Mama, hantarta ya gaji. Kar a ba ta hanta, hanta yana da kopa da yawa. Gyaɗa ma a rage. Kar ta sha ruwa a kwanon tagulla. Magani kullum-kullum. Ka ji ko?”

Dada ta gyaɗa kai. Goggo ta ce, “Allah hoynu,” wato Allah Ya sawwaƙe, tana kallon rufi.

Da suka fita ya tsai da ni. Ya duba idona da na'urar, ya ce nawa garau yake. Sai ya tambaye ni ko Dada da babanmu 'yan'uwa ne. Na ce ɗan wa da 'yar ƙani ne, haka ake aure a gidanmu tun kaka da kakanni. Ya ce to daga nan ne. Ba wanda ya jefi kowa. Gado ne, kuma sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi a ɓoye, su lafiyarsu ƙalau, sannan ya bayyana a jikin ɗa. Ya ƙara tambaya ko akwai wani cikinmu da ya taɓa mutuwa da shawara yana yaro. Na ce akwai. Ya sunkuyar da kai yana rubutu. A mota na yi ta juya maganar a raina, na dubi Dada tana riƙe da kan Buba a cinyarta, na ce wannan ba abin da za a faɗa wa uwa ba ne. Na kai su gida, na jera ƙwayoyin, na nuna wa kowa lokacin sha, na koma Yelwa ina ganin an gama mai wuya.

Ashe ba a ma fara ba. Kamar yadda likita ya faɗa, da Buba ya fara shan ƙwayar sai rawar hannun ta ƙaru, harshen ya ƙara nauyi. Na yi 'yan kwanaki ban leƙa ba saboda jarrabawar yara. Ranar da na shiga gidan, daga zaure na ji ƙarar ƙarfe, cas-cas-cas, kamar amarya na tahowa. Buba ne zaune a kan tabarma, an jera masa mundayen tagulla tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, duk karkarwar da ya yi sai su amsa. A gefensa ga babbar tasar tagullar Dada, wadda ta gada daga uwarta, cike da jiƙon tsamiya da aka kwana da shi a ciki, bakin tasar ya yi kore shar. A gabansa kuma ga faranti, hanta ce gasasshiya an barbaɗe ta da yaji. Na tsaya na rasa ta inda zan fara.

“Goggo, mene ne wannan?”

“Magani. Tagulla ce ke janye 'yar'uwarta. Ta waje ta kira ta ciki, ta fito.”

“Hantar fa? Ba a gabanki likita ya hana ba?”

“Da bakinsa ya ce hantar yaro ta gaji. To da me ake gyara hanta, da ƙafar saniya? Mutumin da bai san mace da namiji ba a magana, ina kika san abin da ya so ya ce?”

“Ina ƙwayoyin?”

“Na ɗaga su. Tun da ya fara sha yake lalacewa. Ke makauniya ce?”

Na bi ta lalama, na bi ta faɗa. Na zauna na yi musu bayanin 'yan dakon hanta da Hausa, na sake yi da Fulatanci. Goggo ta ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Dada kuwa ta ci gaba da yi wa Buba fifita. Na nemo ƙwayoyin a cikin wata ƙwarya a bayan randa, na ba shi, na zubar da jiƙon. Washegari na dawo na tarar an sake jiƙa wani. Haka muka yi ta yi, ni in kwance su ɗaura. In na tafi makaranta, mahauci na zuwa da hanta mai ɗumi, don duk unguwa ta ji cewa ɗan Dada hanta yake buƙata, kowa kuma yana son lada. Abin da ya fi ƙona mini rai, babu mugu ko ɗaya a cikinsu. Da ƙiyayya ce da na san yadda zan yi da ita. Mutane ne masu ƙaunarsa suke tura masa abin da ke kashe shi, suna yi suna addu'a.

Ana wata sai ga wata. Goggo ta gama bincikenta, ta gano wanda ya jefa zoben: mai shagon hatsin Kona, dattijon da ya goyo Buba a bayansa. Hujjarta, in ba shi da hannu me ya sa ya yi ta rawar jiki a kan ɗan wani? Har an samo wani mai magani daga ƙauye da zai zo ya yi aikin ƙaiƙayi koma kan masheƙiya, ya kuma ce kafin nan a daina ba yaro duk wani abu na asibiti don kada ya karya aikin. Dada ce ta faɗa mini haka da bakinta, bayan azahar, muna tsakar gida, tana kallon ƙasa. A nan na san lalama ta ƙare. In na bar Buba a gidan nan zai bi Halima, a kuma ɓata sunan bawan Allah a banza.

Na durƙusa gaban Buba na ce masa, “Za ka bi ni Yelwa?” Magana ta ƙi fita. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan ya miƙo mini hannuwansa biyu, mundayen na ta kaɗawa. Na fara zare su ɗaya-ɗaya ina zubarwa a ƙasa. Na ɗauki tasar na kife ta a magudana. Na ɗauki farantin hantar na miƙa ta katanga na ce maƙwabta su ba yaransu.

“Ke,” in ji Dada. “A gidana?”

“Dada, ba wanda ya jefe shi. Ku bar dattijon nan ya sarara. Likita ya faɗa mini, na ɓoye miki. A jini yake. Rabi daga Baba, rabi daga ke, saboda ku 'yan'uwa ne. Ba laifinki ba ne, ba laifinsa ba ne, haka Allah Ya tsara. Amma daga cikin gidan nan abin yake.”

Dada ta ajiye maficin a hankali, ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta saba yi ba.

“Har da Halima?”

“Ya ce mai yiwuwa ne.”

Dada ta miƙe ta nufi ɗakinta, ta tsaya a bakin ƙofa ba ta juyo ba.

“Ɗauke shi. Tunda jinina ne guba, ɗauke shi.”

Na aika aka kira babanku. Muna fita, yana tallafe da Buba, Goggo ta biyo mu har zaure tana ɗaga murya don unguwa ta ji.

“Ku zo ku ga boko! Ta zagi uwarta, ta zagi kabarin ubanta, ta ƙwace abinci daga bakin majinyaci. Je ki, Hana-Hanta!”

Daga ranar sunan ya bi ni. Kuma in gaya muku gaskiya, na ci sunan, don a Yelwa na zama jami'ar kwastan a ƙofar gidana. Duk wanda ya zo dubiya sai na leƙa jakarsa. Na kama hanta a ƙunshin takarda, na kama ta a ƙarƙashin tuwo, na kama ta an daka a cikin yaji. Wata tsohuwa ta zo da ita a ƙulle a bakin zanenta, na kwance, ta fita tana tsine mini har titi. Wani ya kawo munduwa ya ce a sa ƙarƙashin matashin kai kawai, ba sai an ɗaura ba. Maganin kuma ba a samunsa a gari, sai wani mai kemis ya aika can nesa a nemo, kullum cikin fargabar yankewarsa nake. Ga ciki ina ɗauke da shi, ga makaranta, ga Buba da sai an ba shi abinci a baki, an goge masa miyau. Jikin kuma ya ƙi nuna alamar sauƙi. Wata rana babanku ya same ni a kicin ya ce,

“Kin san in yaron nan ya mutu a gidan nan, babu wanda zai ce cuta ce ta kashe shi?”

Na ce na sani. Tsoro nake ji ƙwarai, ban taɓa jin irinsa ba, amma ban nuna wa kowa ba. Ban da maganar likita ɗaya mai karyayyar Hausa, ba ni da abin da na riƙa a duk garin.

Dada ba ta tako Yelwa ba. Duk Juma'a ina zuwa gaishe ta, in durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa tana fuskantar bango. In na ce Buba yana gaishe ta sai ta ce “to”. Ba ta tambayar jikinsa a gabana, ko da yake daga baya na ji cewa duk wanda ya fito daga gidana sai ta tsare shi da tambaya. Da na haihu, ke Aishatu, ba ta zo ba. Ba ta aiko a ɗauke ni wankan jego ba, ba ta zo suna ba. Matan abokan aikin babanku ne suka dafa mini ruwan wanka, wata Bamumuya da wata Bayarabiya, Allah Ya saka musu. Ranar suna ina zaune cikin mata ina murmushi, ana tambayata ina Dada, ina cewa ƙafa ce ke damunta. Wannan ya yi mini ciwo fiye da duk zagin Goggo, kuma ba zan ce muku ya warke sarai ba. Na fahimci dalilinta. Muddin jifa ne, akwai mugu a waje da za a tsine wa. In gado ne, sai ta dubi kanta ta tuna Halima. Amma fahimta ba ta hana ni jin haushi ba, don ɗanta ne ke kwance, kuma ni ma 'yarta ce.

Sauƙin ya zo a sace kamar yadda ciwon ya zo. Damina ta wuce, sai na lura tsumman goge miyau ya daina jiƙewa. Daga nan ya riƙe cokali da kansa, rabin abincin a riga, rabi a baki. Maganarsa ta fara fita, a hankali, da nauyin nan da kuka san shi da shi har yau. Da muka koma asibiti likita ya leƙa na'urarsa ya ce zoben ya fara dusashewa, ya yi ta murna yana cewa, “Ta yi ƙoƙari, ta yi ƙoƙari,” ban san ko ni yake nufi ko Buba ba. Wata ranar Asabar na dawo daga kasuwa na ga mutane tsaye a ƙofar gidana suna dariya. Buba ya samo guntun katako da ragowar fentinsa, ya rubuta allo ya rataye a jikin ƙofa. Haruffan a karkace suke, wani ya hau wani, fenti ya zuba a gefe, amma ana karantawa sarai: BA A SHIGA DA HANTA. Yana zaune a dakali, hannu duk fenti, yana kallona, kuma wannan karon murmushin nasa ne na gaske. Na ajiye kayan cefane a ƙasa na yi ta dariya har ta koma kuka, a gaban jama'a, ko kunya ban ji ba.

Labarin allon ya kai Kachalla Sembe kafin la'asar. Ban ji komai daga can ba sai da babbar Sallah ta zo. A al'adar gidanmu, in an yanka rago, Dada kan zuba kason 'yar fari a cikin tasar nan ta tagulla, ta ɗora hanta a sama, a kawo mini. A shekarar ban sa rai ba. Da hantsi sai ga sallama, Goggo Dudu ce da kanta, ɗauke da kwano a ka. Ta tsaya gaban allon ta yi masa kallon sama da ƙasa, ta ce wa babanku ya karanta mata. Ya karanta. Ta yi tsaki, ta shigo, ta dire kwanon a gabana. Kwanon silba ne sabo. Na buɗe, na juya naman da hannuna kamar yadda na saba yi wa kowa. Cinya ce da haƙarƙari, babu ko ƙyallin hanta.

“Ba sai kin yi bincike ba,” in ji Goggo. “Ta ce in ce wa waccan, ta cire. Ta ce kuma yaran nan naki, a kai su a leƙa idonsu da abin nan.”

Ta juya wajen Buba, ta kama hannuwansa ta jujjuya su, ta ga babu munduwa, ta ga kuma sun lafa. Sai ta juyo gare ni.

“To, Hana-Hanta, ruwan ma hana mu za ki yi?”

Iyakar ban-haƙurin da na samu ke nan daga su biyun, kuma ban nemi ƙari ba. Washegari na goya Aishatu, na kama hannun Buba, muka tafi gaisuwar Sallah. Dada ta karɓi jaririyar da ta riga ta fara rarrafe, ta ɗora ta a cinya, ta ce ta yi kama da Halima. Ba mu ƙara tayar da maganar ba har ta koma ga Allah. Dattijon Kona kuwa ya rasu bai san an taɓa zarginsa ba, kuma Buba ne ya sake rubuta masa allon shagonsa, a ƙasa, ba a kan tsani ba.

Don haka in kun ga ina matsa muku ku kai 'ya'yanku a duba idonsu, musamman ku da kuka yi auren gida, ku daina ce mini tsohuwa ta fiye fitina. Umarnin kakarku ne, ni saƙo kawai nake isarwa. Kawunku yana nan da ransa, da furfurarsa, yana shan ƙwayarsa, yana tsokanar jikokina da muryarsa mai nauyi. Sunan kuma ku ci gaba da kira, na daina jin zafinsa a bakin wanda ya san asalinsa.

Saura tasar. Bayan rasuwar Dada, da aka zo raba kayanta, aka jawo ta daga ƙarƙashin gado a naɗe cikin tsohon zane. Matan gida suka fara rububinta, kayan gado ce tun daga kakar kakarmu. Da aka ɗaga ta sama sai haske ya ɓullo ta gindinta. An bi ta da ƙusa an huda, huda ba ɗaya ba, ba biyu ba, yadda ba za ta ƙara riƙe ruwa ba har abada. Goggo ta ce ranar da labarin allon Buba ya iso Dada ta shiga ɗaki da ƙusa da dutsen niƙa, ta rufe ƙofa, suna ji tana bugawa, ba wanda ya iya tambayarta. Kowa ya janye hannunsa, aka bar mini.

Ita ce wadda ke saman kabad ɗina, wadda duk zuwanku sai kun ce in ba 'yan gwangwan tunda yoyo take yi. Uwata ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa ce mini na yi daidai ba. Abin da ta iya faɗa mini yana gindin tasar nan. Kada wanda ya ƙara taɓa mini ita.